Tambayoyi da Amsoshi Kan Jikin Dabbobi da Rukunan Masu Ƙashin Baya

Ɗalibai da yawa sun haddace cewa dabbobi masu ƙashin baya kashi biyar ne, amma idan ka tambaye su dalilin da ya sa zuciyar kifi ta bambanta da ta tsuntsu, sai su yi shiru. A ganina daɗin wannan ilimi yana cikin dalilan ne, saboda haka amsoshin da ke ƙasa sun fi karkata can.

Mece ce dabba a wurin masana ilimin halittu?

Dabba halitta ce mai rai wadda jikinta ya ƙunshi ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa, kuma ba ta iya haɗa abincinta da hasken rana kamar yadda tsiro ke yi. Dole ta ci wani abu mai rai ko wanda ya taɓa rayuwa. Da wannan ma'auni tururuwa dabba ce, kaguwa da tana su ma dabbobi ne, haka kifi da tsuntsu.

An kasa dabbobi gida biyu, masu ƙashin baya da marasa shi. Marasa ƙashin baya su ne suka cika duniya, domin sun haura kashi 95 cikin 100 na nau'o'in dabbobin da aka sani, kuma ƙwari kaɗai sun kai nau'i kusan miliyan ɗaya. Masu ƙashin baya kuwa ba su wuce kimanin nau'i 70,000 ba. Girman jikinsu da kusancinsu da mu ne suka sa muke ganin kamar su ne mafi yawa.

Me ake nufi da tsarin jiki?

Ƙwayoyin halitta iri ɗaya sukan haɗu su zama tsoka ko fata ko ƙashi. Waɗannan kuma su haɗu su ba da gaɓa kamar zuciya, hanta ko ƙoda. Idan gaɓoɓi suka haɗa kai kan aiki guda, shi ne ake kira tsari. Akwai tsarin narkar da abinci, na numfashi, na zagayawar jini, na fitar da ƙazanta, na ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo, na ƙashi da tsoka, na haihuwa, da na sinadaran da ke tafiya cikin jini suna ba gaɓoɓi umarni. Babu wanda ke aiki shi kaɗai. Huhu ya ɗebo iska, amma in zuciya ba ta tura jini ba, iskar ba za ta isa ko'ina ba.

Waɗanne ne rukunan masu ƙashin baya?

Kifaye, waɗanda suka haura nau'i 30,000, wato kusan rabin jimillar duka. Sai dangin kwaɗo, masu rayuwa tsakanin ruwa da tudu, sama da 8,000. Sai masu jan ciki, wato maciji, ƙadangare, kada da kunkuru, sama da 11,000. Tsuntsaye kimanin 11,000. Masu shayarwa kuma kimanin 6,500.

Tsarin sanya wa kowace halitta suna mai kalma biyu ya samo asali ne daga Carl Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, wanda ya shimfiɗa shi ga dabbobi a 1758. Shi ne kuma ya ware masu shayarwa a matsayin rukuni, bisa la'akari da nonon da suke ba 'ya'yansu.

Me ya haɗa su, alhali kamanninsu sun sha bamban?

Ginin jikinsu ɗaya ne a asali. Kowannensu yana da ƙoƙon kai da ke kare ƙwaƙwalwa, da jerin ƙasusuwan baya da laka ke ratsawa ta cikinsu, da zuciya, da jini mai gudana cikin rufaffun jijiyoyi, da hanta da ƙoda.

Ka dubi hannunka: ƙashi ɗaya daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, biyu daga nan zuwa wuyan hannu, sannan ƙananan ƙasusuwa da yatsu. Wannan jeri shi ne a ƙafar gaban kwaɗo, shi ne a fiffiken jemage inda yatsun suka yi tsawo fata ta shimfiɗu a tsakaninsu, shi ne kuma a ƙafar doki, wanda a gaskiya kan yatsa ɗaya yake tsaye, kofatonsa shi ne farcen. Raƙumin dawa da duk tsawon wuyansa ƙasusuwa bakwai ne a ciki, daidai da na mutum da na ɓera, sai dai kowane ɗaya ya yi tsawo ƙwarai. Mujiya tana da 14, abin da ke taimaka mata juya kai har ta ga bayanta. Maciji kuwa ƙasusuwan bayansa sukan kai 200 zuwa 400. Akwai ma waɗanda gangar jikinsu guringuntsi ce gaba ɗaya, kamar kifin shak, amma duk da haka suna cikin wannan gida.

Yaya kifi yake numfashi, kuma me ya sa yake mutuwa a tudu inda iska ta fi yawa?

Oksijin, wato sinadarin da jiki ke ɗiba idan an yi numfashi, wanda ke narke a cikin ruwa kaɗan ne, bai wuce kashi 1 cikin 20 na wanda ke cikin iska ba. Don haka kifi yana buƙatar gaɓa mai tsananin ƙwarewa. Idan ka ɗaga murfin da ke bayan idonsa za ka ga jajayen zare jere, cike da ƙananan jijiyoyin jini. Ruwa yana shiga ta baki ya bi ta kansu ya fita. Hikimar da ke ciki ita ce jinin da ke cikin zaren yana tafiya ne ta gefen da ya saɓa wa tafiyar ruwan, saboda haka a kowane wuri jinin yana haɗuwa da ruwan da ya fi shi oksijin, ya yi ta tsotsa har ƙarshe.

Da zarar an fito da kifi, waɗannan zare sai su manne da juna su bushe, filin da ke karɓar oksijin ya ragu matuƙa, kifin ya shaƙe. Amma ba duka ba. Tarwaɗa tana da wata ƙarin gaɓa a saman zaren da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take daɗewa a waje. Gaiwa kuwa huhu gare ta na sosai. Idan ruwa ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da majina, ta rage aikin jikinta, ta kwanta watanni har ruwa ya dawo.

Me ya sa kwaɗo ba ya nisa da danshi?

Saboda fatarsa. Siririya ce, ba ta da ɓawo, kuma ta cikinta yake shaƙar wani kaso na oksijin, ta cikinta kuma yake shan ruwa. In ta bushe ya halaka. Ƙwansa ma ba shi da ɓawo, sai yauƙi, don haka dole a ajiye shi a ruwa ko wuri mai laima.

Ɗan kwaɗo yana fitowa da wutsiya, yana numfashi irin na kifi, yana cin gansakuka, hanjinsa kuma dogo ne. Daga baya wani sinadari da ke fitowa daga gaɓar da ke wuya, wadda in ta kumbura a mutum ake samun maƙoƙo, shi ke ba da umarnin sauyi: ƙafafu su fito, wutsiya ta narke, huhu ya buɗe, hanji ya gajarce ya dace da cin ƙwari. Wannan sinadari yana buƙatar aidin, irin wanda ake haɗawa da gishirin girki, kuma in babu shi sauyin ba ya kammaluwa.

Wannan fata mai tsotsa ita ce kuma rauninsu, domin guba da maganin feshi suna shiga jikinsu cikin sauƙi. A yau kusan kashi 40 cikin 100 na nau'o'in wannan rukuni suna fuskantar barazanar ƙarewa, fiye da kowane rukuni na masu ƙashin baya. Abin damuwa ne sosai, ko don yawan ƙwarin da suke cinyewa.

Ta yaya masu jan ciki suka iya zama inda babu ruwa?

Abu uku: fata mai ɓawo da ke hana ruwan jiki fita, ƙoda mai tattalin ruwa, da ƙwai mai rufi wanda ke ɗauke da ruwansa da abincinsa a ciki. Wasu ma ba sa ajiye ƙwan, kasa alal misali 'ya'ya take haifa a raye. A wajen kada da kunkuru da yawa, zafin ramin da aka binne ƙwai ne ke tantance ko namiji za a ƙyanƙyashe ko mace.

Shin da gaske jinin ƙadangare sanyi ne?

A'a. Ƙadangaren da ya sha hantsi jininsa na iya kaiwa zafin na mutum. Bambancin yana wajen inda zafin ke fitowa. Kifi, kwaɗo da masu jan ciki suna samun ɗuminsu daga waje, shi ya sa za ka ga ƙadangare ya baje a rana da safe, da ta yi zafi ya koma inuwa. Tsuntsaye da masu shayarwa kuwa suna ƙona abinci a cikin jikinsu su samar da nasu zafin. Na mutum yana wajen digiri 37, na tsuntsaye 40 zuwa 42.

Kowace hanya da tsadarta. Mai ɗumama kansa yana iya farauta cikin dare da lokacin sanyi, amma yana buƙatar abinci ninki biyar zuwa goma na mai jan ciki mai nauyinsa. Mesa takan yi watanni bayan ta haɗiyi babban abu ba ta sake ci ba, ƙaramin ɓera kuwa 'yan kwanaki ba abinci sun ishe shi mutuwa.

Me ya sa zuciyoyinsu suka bambanta?

Nan ne alaƙar tsarin jiki da salon rayuwa ta fi fitowa fili. Zuciyar kifi ɗaki biyu ce. Tana tura jini zuwa gaɓar numfashi, daga can ya wuce jiki kai tsaye, ya dawo. Zagaye ɗaya ke nan, kuma kafin jinin ya isa jiki ƙarfinsa ya riga ya ragu. Wannan ya wadatar da dabbar da ruwa ke ɗauke da nauyinta.

Da zarar huhu ya shigo, sai zagaye ya zama biyu: ɗaya zuwa huhu, ɗaya zuwa sauran jiki. Kwaɗo yana da ɗaki uku, biyu masu karɓa, ɗaya mai turawa, don haka jinin da ya ɗebo oksijin da wanda ya sauke sukan ɗan gauraya. Maciji, ƙadangare da kunkuru ma uku ne, amma da katanga wadda ba ta rufe gaba ɗaya ba. Kada ku ɗauki wannan a matsayin naƙasa. Lokacin da kunkurun ruwa ya nutse ya daina numfashi, wannan giɓi ne ke ba shi damar kauce wa huhu ya tura jini inda ake buƙata.

Tsuntsaye da masu shayarwa ɗaki huɗu gare su, an raba dama da hagu tsaf, jini ba ya gauraya. Jikin da ke ƙona abinci dare da rana ba zai iya da ƙasa da haka ba. Shi ma kada ɗaki huɗu gare shi, shi kaɗai da danginsa a cikin masu jan ciki.

Likitan nan Ibn al-Nafis, wanda ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 13, shi ne ya bayyana cewa jini yana bi ta huhu ne kafin ya koma ɓangaren hagu na zuciya. A 1628 William Harvey na Ingila ya nuna cewa jinin yana zagaya jiki duka ya dawo.

Saurin bugun zuciya yana tafiya da girman jiki. Ta giwa takan buga kusan sau 30 a minti, ta ɓera fiye da 500. Raƙumin dawa kuwa, saboda sai jini ya hau dogon wuya kafin ya isa ƙwaƙwalwa, ƙarfin bugun jininsa ya kusa ninka na mutum.

Mene ne ya ba tsuntsu damar tashi?

Gashin fiffike kaɗai ba zai isa ba. Ƙasusuwansa da yawa kofai ne a ciki amma da ƙwari. Ƙirjinsa yana da faffaɗan ƙashi inda manyan tsokokin tashi suke manne. Ba shi da haƙori, ƙundu ne ke niƙa abinci, sau da yawa da taimakon tsakuwar da ya haɗiya.

Mafi ban sha'awa shi ne numfashinsa. Mu iska ta shiga huhunmu ta dawo ta hanyar da ta shiga, kullum ana samun ragowar tsohuwa a ciki. Tsuntsu yana da jakunkunan iska, galibi tara, a gaba da bayan huhu, suna aiki kamar zugazugin maƙeri. Su ne ke tura iska ta ratsa huhun ta gefe ɗaya, ko yana shaƙa ko yana fitarwa. Da wannan yake iya tashi inda iska ta yi ƙaranci. A 1973 wata ungulu ta yi karo da jirgin sama a sararin samaniyar Abijan, a tsayin kimanin mita 11,300, inda mutum ba zai daɗe a hayyacinsa ba sai da bututun oksijin.

Jimina tsuntsuwa ce cikakkiya duk da ba ta tashi. Gashin tsuntsu ne ma'aunin, kuma babu wata dabba mai rai da ke da irinsa sai tsuntsu.

Jemage tsuntsu ne? Dolfin kifi ne?

Kama da wane ba ta wane. Jemage yana da gashin jiki irin na ɓera, yana da haƙora, yana haihuwa yana shayarwa. Nau'o'insa sun haura 1,400, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu shayarwa duka. Ba makaho ba ne, amma da yawansu suna fitar da ƙara mai tsini su saurari dawowarta, da haka suke gane ƙwaro cikin duhu. Dolfin da ayu su ma huhu gare su, sai sun ɗago sun shaƙi iska, kuma nono suke ba 'ya'yansu a cikin ruwa.

Haihuwa ba ita ce sharaɗin shiga wannan rukuni ba, nono ne. A Ostireliya akwai dabbar da ake kira platifus, mai baki irin na agwagwa, tana yin ƙwai kuma tana shayarwa. Kangaru kuwa ɗansa yana fitowa ƙanƙane ƙwarai, ya rarrafa zuwa jakar da ke cikin uwarsa ya ƙarasa girma a can. Sauran suna renon ɗan tayi a mahaifa, yana samun abinci ta cibiya, kuma cikin giwa yakan kai wata 22.

Yaya saniya take rayuwa da ciyawa, mutum kuwa ba zai iya ba?

Saniya ita ma ba ta iya narkar da ciyawa da kanta. Ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune a tumbinta, su ne ke yi mata aikin. Cikinta ɗaki huɗu ne. Na farko, wanda ya fi girma, yana iya ɗaukar fiye da lita 100, kuma a nan ciyawa ke jiƙa ƙwayoyin su yi ta ruɓar da ita. Idan ta kwanta sai ta dawo da abincin baki ta sake taunawa, wato tuƙa. Ɗaki na biyu yana tace abin da ya yi laushi, na uku mai ninki-ninki yana tsotse ruwa, na huɗu shi ne yake daidai da cikinmu, mai ruwan tsami. A nan ne saniyar ke narkar da su kansu ƙwayoyin, kuma daga jikinsu take samun kaso mai yawa na abin da ke gina mata tsoka.

Wannan ruɓa tana haifar da iska mai yawa, wadda dole ta fita ta gyatsa. In ta kasa fita, ciki ya kumbura ya danne huhu, dabbar na iya mutuwa cikin sa'o'i. Haka nan sauya mata abinci kwatsam daga ciyawa zuwa hatsi mai yawa yana rikita ƙwayoyin, tumbin ya yi tsami. Ɗan maraƙi kuwa nonon da ya tsotsa yana bi ta wata kwata ya wuce kai tsaye zuwa ɗaki na huɗu.

Tumaki, awaki da barewa duk haka suke. Raƙumi yana tuƙa amma ɗakunansa uku ne. Doki da jaki ba sa tuƙa, ƙwayoyinsu suna can a ƙarshen hanji.

Tsuntsu yana fitsari?

Yana yi, amma ba ruwa ba. Farin da kake gani a kashinsa shi ne fitsarin. Duk dabbar da ta narkar da abinci mai gina jiki tana samar da wani dafi da sai an fitar. Kifi yana zubar da shi kai tsaye cikin ruwa. Masu shayarwa hantarsu ke mayar da shi wani abu mai sauƙin illa, ƙoda ta fitar da shi da ruwa. Tsuntsaye da masu jan ciki suna mayar da shi farin dunƙule da ba ya cin ruwa sosai.

Kifin kogi ba ya shan ruwa, domin ruwa na shiga jikinsa da kansa, aikinsa shi ne yawan fitsari. Kifin teku akasin haka ne, gishirin teku yana janye masa ruwa, sai ya yi ta sha yana fitar da gishirin ta gaɓar numfashinsa. Tozon raƙumi kuma kitse ne a ciki, juriyarsa ga ƙishirwa tana fitowa ne daga ƙodarsa mai tattali da jikinsa da ke jure zafi kafin ya fara zufa.

Maciji yana ji? Me ya sa yake zaro harshe?

Ba shi da kunnen waje, amma yana da na ciki, kuma yana jin girgizar ƙasa ta ƙashin muƙamuƙinsa. Harshen ba ya sara. Yana ɗebo ƙamshi ne daga iska ya kai wata gaɓa a saman baki, kuma rabuwarsa biyu ce ke nuna masa gefen da ƙamshin ya fi ƙarfi. Kifi ma yana da nasa: wani layi a gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya, da shi yake jin motsin ruwa ko da a cikin duhu.

Shin wannan rabo na kashi biyar shi ke nan?

Yana da amfani wajen koyo, amma binciken ƙasusuwa da na ƙwayoyin gado ya nuna cewa iyakokin ba su miƙe haka ba. Shi kada ya fi kusa da tsuntsu fiye da yadda yake kusa da ƙadangare, kuma alamun suna nan: zuciya mai ɗaki huɗu, gina sheƙa, gadin ƙwai, da amsa kukan 'ya'ya tun suna cikin ɓawo. A 1861 aka tono a Jamus ragowar wata tsohuwar halitta cikin dutse, mai gashin tsuntsu amma da doguwar wutsiya mai ƙashi da farata a fiffike.

Kifaye ma ba gida ɗaya ba ne. Akwai marasa muƙamuƙi, akwai masu guringuntsi, akwai masu ƙashi. A cikin masu ƙashin akwai 'yan kaɗan da fiffikensu ke da tsoka da ƙashi kamar tushen ƙafa. Ɗaya daga cikinsu, silakant, an ɗauka ya ƙare tun miliyoyin shekaru, sai ga shi masunta sun kamo shi a gaɓar tekun Afirka ta Kudu a 1938. Gaiwa ma tana cikin waɗannan, kuma ta fuskar dangantaka ta fi kusa da kwaɗo fiye da karfasar da suke kogi ɗaya.